Jan Ruban da Waƙar Ya Kaltum

Jiya ina cikin ɗaki na ji ɗiyata Hajara tana gaya wa ƙawarta cewa aikin da uwarta ta yi shekara da shekaru ba wani abu ba ne, danna baƙaƙe ne kawai, wanda ita yanzu take yi a ardinata, wato kwamfuta, da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin kwanon gyaɗa. Da ta fita sai na ɗauko bik da kaye, wato biro da littafin rubutu, na ce bari in rubuta muku yadda aikin yake, ku da kuka buɗe shagunan buga takardu a bakin kasuwar Diffa, tun ina iya tunawa daki-daki.

Ni ƴar Damagaram ce, aure ya kawo ni nan. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Sai da na yaye ɗana na biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, na koyi karatun Hausa da boko, muna zaune kan tabarma da goyo a baya. Barbarci kuwa a kasuwa na tsince shi, wajen masu kifi da masu tattasai. Faransanci har yau ina iya gane takardar neman aiki da takardar ƙara, amma in an shiga zance mai zurfi sai ya bar ni a hanya.

Wanda ya koya mini aiki shi ne Mushe Isufu, tsohon sakatare da ya yi ritaya ya kafa tebur ƙarƙashin dogon yaro, yana buga wa mutane wasiƙa. Matarsa maƙwabciyata ce, ita ta roƙar mini shi. Wata uku na farko bai sa mini ruban ba, wato ƙyallen nan mai tawada da baƙaƙe ke duka. Keken rubutu ya ba ni fanko, ya yafa mini mayafi a kan hannuwa don kada in kalli yatsu, ya zauna gefe yana sauraro. Da kunne yake kama kuskure. In ƙaramin yatsana ya yi sanyi sai ya ce, «Habsu, wannan baƙin bai fito ba, lallashinsa kika yi.» Bayan haka ya koya mini jera takardu uku da karbon biyu a tsakani, yadda ba za su zame ba. Ku da kuke danna maɓalli ɗaya kuskure ya ɓace, ku sani a wurinmu kuskure ɗaya uku ne: a buɗe ta sama a goge, a sa kwali a bayan ta biyu a goge, haka ta uku, sannan a mayar da layi daidai inda yake, in ba haka ba baƙin ya hau kan ɗan'uwansa.

Dokarsa guda ce, kullum sai ya maimaita: «Abin da ke gabanki shi za ki buga. Kada ki ƙara, kada ki rage. Ke hannu ce, mai takarda shi ne baki.» Na riƙe wannan. Na buga takardun da na san mai su ƙarya yake yi, na buga na waɗanda suke kuka suna faɗi, duka da nauyin yatsa iri ɗaya. Da idonsa ya raunana ya bar mini keken, na kama ɗan shago kusa da hanyar da ƴan lise, wato ɗaliban sakandare, ke bi.

Ruban daga Maiduguri direbobi suke kawo mana, kuma galibi mai launi biyu ne, rabin sama baƙi, rabin ƙasa ja. Jan ba mai neman sa. Baƙin ya mutu fes, jan yana nan da ransa kamar yau aka buɗe. Mushe Isufu zubarwa yake yi. Ni na fara tarawa ne a shekarar nan mai wuya, wadda lakwal ta yi ta rufewa ana buɗewa har shekara ta tafi fara, ba a yi jarrabawa ba, ma'aikata kuma suna jiran albashi wata da watanni. Ba ɗalibi, ba ma'aikaci, to wa zai kawo takarda? Wani lokaci sai in wuni ban sa takarda ɗaya a keke ba. Kowace safiya dai nakan buɗe shi, in goge baƙaƙen da tsohon buroshin haƙori, in ɗiga masa man keken ɗinki, don in ya kwanta ya yi tsatsa shi ke nan. Tsohon ruban nakan jiƙa baƙinsa da tawadar hatimi in sake ɗaurawa. Wanda ya wuce gyara sai in jefa a gwangwanin madara saboda jan da ke jikinsa, ba don na san me zan yi da shi ba. Maigidana ya ce in sayar da keken in koma tuya. Na ce masa a bari ruwan Komadugu ya sake zuwa mu gani. Ruwa ya zo, aka buɗe lakwal, aiki ya dawo.

Ƴan lise su ne rabin cinikina. Mushensu, wato malaminsu, yakan ba su bincike su rubuto, su karanta gaban aji, abin da suke kira ekspoze. Yawancinsu ana gobe za a karɓa suke zuwa, da shafi huɗu da suka kwafo daga littafi, su tsaya kaina suna cewa, «Tanti, yi sauri.» Falmata ce kaɗai ta zo da saura wata guda.

Yarinya ce siririya, ƴar shekara goma sha bakwai, ubanta direba ne, a cikin gari aka haife ta. Ta shigo da kaye biyu a ƙirji, ko gaisuwa ba ta gama ba ta fara. Wai mushensu na Faransanci ya ce kowa ya zaɓi littafi ya yi nazari, ita kuwa ta ɗaga hannu ta ce shin waƙar da mata ke yi a gonar tattasai ba adabi ba ce? Ya ce adabi ce, in za ta iya kawo ta a rubuce, ta fassara, ta kuma faɗi a bakin wa ta ji, da sunansa da garinsu, don bincike ba ya tsayawa sai da tushe.

«Tanti, ba wanda ya taɓa rubuta su! Na duba laburare kaf. Ni ce ta farko.»

«To, ta farko, zauna ki sha ruwa.»

Kowane kwana biyu sai ta dawo da ƙari. «Shafi ɗaya ne kawai, Tanti.» Shafi ɗayan nan ya sa na sake lambobin shafuka sau uku. Amma ban taɓa jin haushinta ba, don ita kaɗai ce take zama ta tambaye ni. Me ya sa nake barin fili mai faɗi a hagu? Na ce don ɗinki, in an ɗinke kada zare ya ci rubutu. Yaya zan yi da baƙaƙen Barbarci da babu su a keken Faransa? Na nuna mata yadda nake barin gurbi in cika da bik mai tsinin baki a kan kofi uku, ta sama da biyun karbon. Har wannan ta rubuta a bayan kayenta.

Ɓangaren Faransanci na buga shi yadda na saba, baƙi bayan baƙi. Da na kai ga waƙoƙin, sai yatsuna suka rage gudu, don wannan ina jin sa. Waƙoƙi bakwai ne, duka daga bakin wata tsohuwa Ya Kaltum ta Shetimari, wadda ke tsinkar tattasai a gonakin mutane, ita ce kuma ke ba da waƙa in mata sun jeru. Ta huɗu ita ta tsayar da ni. Sunan mai gonar ne a ciki ɓaro-ɓaro, Ba Modu. Ga abin da take cewa, in na mayar da Hausa: hannun Ba Modu a dunƙule yake ko yana barci, Ba Modu yana ƙirga tattasan da tsuntsu ya ɗauka, hular Ba Modu ta girmi ɗansa na fari. Haka layi goma sha biyu, ba sassauci. A ƙasa kuma Falmata ta rubuta sunan tsohuwar da unguwarsu, yadda mushe ya ce.

Na san Ba Modu, kowa ya san shi. Na kuma san ɗiyarsa Aisa ajinsu ɗaya da Falmata, don na taɓa buga mata wani ekspoze. Za a tsaya gaban aji a karanta wannan, Aisa tana zaune, kafin magariba ya kai kunnen ubanta da sunan wadda ta rera. Tsohuwar kuwa gonarsa ce abincinta duk lokacin tsinka.

Na cire hannuna daga keke. Tun da na fara aiki ban taɓa tsayawa a tsakiyar shafi don abin da ke cikinsa ba.

Da Falmata ta zo na ce, «Ɗiyata, wannan ta huɗun, Ya Kaltum ta san za a karanta ta gaban ɗiyar mai gona?»

Ta ce ba ta yi wannan tunanin ba. Sai kuma ta ce, «Amma ita ce mafi kyau, Tanti! Dubi hular nan. Shafi uku na yi a kanta. In na cire ta aikin ya zama fanko. In na cire sunan Ya Kaltum kuma mushe ya ce ni na ƙirƙira.»

«In aka hana ta gona fa?»

Ta kalli kayenta, idonta ya kawo ruwa. Ba ni da ikon ragewa, ba zan kuma iya bugawa ba. Na tuna Mushe Isufu ya ce mai takarda shi ne baki, sai na ga ai bakin nan ba na Falmata ba ne. Na ce, «Ranar Lahadi mu je mu karanta wa mai waƙar. Abin da ta ce shi zan buga.»

Muka shiga motar kasuwa da safe. A Shetimari aka ce Ya Kaltum ta fita gona tun da sassafe, aka nuna mana hanya ta wajen kogi. Falmata ta ce ita ba ta taɓa zuwa gonar ba, a gida take samun tsohuwar bayan la'asar, su zauna su biyu a tsakar gida. Muka bi ta gefen inda aka shanya tattasai, ƙasa ta yi ja har inda ido ya tsaya, ƙaurinsa yana shiga hanci muna atishawa. Muka iske mata kusan ashirin sun jeru a kunya, kowace da kwando.

Ya Kaltum gajeriya ce, yatsunta sun rine. Ta fito bakin gona, muka yi wushe-wushe, gaisuwar Barebari, ta dube ni ta gane Bahaushiya ce, abin da suke kira Afuno, ta ce wa Falmata, «Wannan Afunon fa, ita ma waƙa ta zo kwasa?» Na ce ni mai bugawa ce. Ta ce, «Bugu kuma? Wa kike bugu?» Matan suka yi dariya. Falmata ta buɗe kaye ta karanta mata waƙa ta huɗu, layi bayan layi, ba tsayawa.

Tun ba ta kai rabi ba fuskar tsohuwar ta canza. Ta ɗaga hannu.

«Tsaya. Wa ya zagi Ba Modu haka?»

«Ke kika rera mini, Kaka.»

«Ni? Ina sauran?»

«Wane saura?»

«Da nake yin shiru bayan kowane layi, me kika ɗauka nake yi?»

Falmata ta ce a hankali, «Na ɗauka kina jira in gama rubutawa ne.»

Ya Kaltum ta tafa hannu ta juya wajen matan. «Ku ji mini ƴar lakwal! Wai jiranta nake!» Sai ta dafa kafaɗar yarinyar ta ce, «Ke, a tsakar gida ni kaɗai ce, wa zai amsa mini? Kaji? Wurin nan da na bari ba nawa ba ne, nasu ne. Ni ba na shiga rabon wasu.»

Ta koma kunyarta, ta sunkuya, ta ɗaga murya: hannun Ba Modu a dunƙule yake ko yana barci. Kafin ta rufe baki mata ashirin suka ɗauka gaba ɗaya, har na ji a ƙirjina: a dunƙule yake don iri ne a ciki, da muka rasa iri shi ya buɗe. Ta ce yana ƙirga tattasan da tsuntsu ya ɗauka, suka ce bai taɓa duba kwandon gwauruwa ba. Ta ce hularsa ta girmi ɗansa, suka ce sabuwar ya ba mai gadin injin ruwa. Kowane layi da amsarsa, kowace amsa da abin da ya faru da gaske, wanda matan suka sani. Hannuwansu ba su tsaya ba, tsinka suke yi daidai da waƙar. Wata ta gaya mini in mai gona ya ji ba a tsokane shi ba a ranar tsinka, sai ya tambaya ko ya yi wa mata laifi ne.

Falmata ta durƙusa a kan kunya tana rubutu. «A sake, don Allah a sake!» Suka sake sau uku, a na huɗu suka ce sai ta ɗauki kwando. Ta ɗauka. Ta manta ta murza ido da hannun, muka dawo Diffa tana hawaye tana dariya, tana ce mini duk shafuka ukun nan ƙarya ta rubuta, sai ta sake daga farko, kuma yanzu ne aikin ya yi daɗi.

Kafin mu taso na tambayi Ya Kaltum zancen suna. Ta ce, «In da amshi, ki sa sunana har da na uwata. In babu, ban san ku ba.»

Sai aikin ya dawo kaina. Yaya mai karatu zai gane wannan murya ɗaya ce, wannan kuma ta jama'a? Na gwada turawa ciki, na gwada ja masa layi, duk bai gamsar da ni ba. Sai na tuna gwangwanin madara, don ruban ɗin da ke kan keke a lokacin baƙi ne zalla. Na zaɓi ruban wanda jansa ya fi rai, na ɗinka shi da baƙi mai kyau, na ɗaura. Layin Ya Kaltum baƙi, in tura ɗan ƙarfen da ke ɗaga ruban, amshi ja, in mayar. Waƙoƙi bakwai, kowane layi sai na tura na mayar. In na manta sau ɗaya shafi ya lalace. Kwana huɗu na yi. Karbon ba ya sanin ja, don haka kofi biyu na ƙasa baƙi suka fito duka. Na saman nan kaɗai ke da launi. Na huda da basilla, na ɗinke da zaren kaba mai ƙarfi, na sa bango na kwali shuɗi.

Ranar karatu ban je ba, ba wurina ba ne. Falmata ce ta zo da gudu ta ba ni labari. Ta rubuta amshin a allo, ta ce wa ƴan aji ita za ta ba da baƙi, su amsa ja. Da farko sun yi ta ƙyalƙyala, daga baya har masu Zabarmanci da Fulatanci suna amsawa da Barbarci, mushe yana buga tebur da bik. Na ce, «Aisa fa?» Ta ce Aisa ba ta amsa ba, ba ta yi dariya ba, ta dai roƙi kofi ɗaya na karbon ta tafi da shi gida.

Kwana uku ina jiran abin da zai biyo. Ranar Talata, ranar kasuwa, ina goge baƙaƙe, sai inuwa ta rufe ƙofa. Dattijo ne dogo, da kofin karbon a naɗe a hannu. Hular kansa kuwa, Allah ya gafarta mini, na gane ta kafin in gane shi.

«Ke ce mai bugawa?»

«Ni ce, Baba. Sannu da zuwa. Ga kujera.»

Bai zauna ba. «An ce akwai mai ja.»

Na saman yana wurin mushe, amma ina da shafi ɗaya na waƙa ta huɗu da na ajiye saboda lambarsa ta karkace. Na miƙa masa da hannu biyu. Ba ya karatun boko. Ya riƙe shi nesa da ido, ya daɗe yana kallo.

«Baƙin Kaltum ce?»

«Ita ce.»

«Jan kuma matan?»

«Su ne.»

«Kin je gonar?»

«Na je, Baba.»

«Da kika je, wa ya fi ƙara, ita ko su?»

Na ce su.

«To me ya sa kika yi su tsawo ɗaya? Mace ɗaya da mata ashirin?» Ya ajiye takardar kan keke ya danna ta da yatsa. «Wanda bai je ba zai ce kunnen doki suka yi. Ki gyara.»

Na sa sabuwar takarda, na danne maɓallin manyan baƙaƙe, na buga masa amshin da manya, ja, layin Ya Kaltum kuma ƙanana yadda suke. Yana tsaye a kaina har na gama. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya naɗe ta ya sa a aljihun gaba. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, «Zancen hular nan, ki bar shi yadda yake. Gaskiya ne.»

Ya Kaltum ta ci gaba da tsinka a gonarsa har ƙarfinta ya ƙare.

Da tattasai ya sake nuna, an daɗe da ba da maki, Falmata ta wuce aji na gaba, sai ga ta a ƙofar shago tana haki, da kaye a ƙirji. Ta haɗu da Ya Kaltum a kasuwa, tsohuwar ta raɗa mata sabon layi: wai Ba Modu ya hau mota har Diffa don a ƙara masa girma a takarda.

«Shafi ɗaya ne kawai, Tanti. Ba don mushe ba, don ni.»

Na ce, «Me matan suke amsawa?»

«Ban ji ba tukuna.»

Na ja mayafi na rufe keken. Na ce, «Motar Shetimari tana tashi da hantsi. Ki tafi da kwando, kuma kada ki taɓa ido.»